RA'AYINMU: Gona tamu, rumbu na wasu

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa asibitin Gabi cikin watan Satumba, sa'ad da masassarar damina ta haɗu da ƙarewar hatsi a rumbu, ya san abin da idanun ma'aikatan wurin suke gani. Tun da asuba mata sun yi layi, kowace da goyo: wannan zawo, wancan tamowa, wani kuma jini ya ƙare masa har tafin hannunsa ya yi fari. Majo yana dubawa, yana rubutawa cikin babban rajista: suna, gari, watanni, nauyi, ciwo, magani. Ƙarshen wata a haɗa lissafi a aika Madarunfa, daga can ya wuce Maraɗi, ya ƙarasa Yamai. Shekara ta zagayo a buɗe sabon rajista, tsohon kuma a jibge shi a kusurwar ɗaki, ƙura da gara su raba shi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan gunduma ta Madarunfa, wadda Gabi ke cikinta, sunanta ya daɗe da shiga manyan littattafan likitanci na duniya. Malaman da ke koyar da likitoci a Boston, da Landan, da Janeba sun san ta, sun karanta labarin ƴaƴanta, sun kuma sauya yadda suke magani saboda abin da aka gano a ƙauyukanta. Wannan abin alfahari ne, ba mu musa ba. Amma akwai tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu, mu yi wa magabatanmu: a cikin wannan aiki duka, wa ya kawo tambayar da aka bincika, wa ya riƙe alƙalami, kuma ranar da baƙin suka naɗe tabarmarsu, wa zai ci gaba?

Abin da Madarunfa ta ba duniya

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari mu faɗi abin da ya wakana daki-daki. A shekarar 2005, lokacin yunwar da har yau ba a manta da ita ba, ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Sabon abin da aka yi shi ne, maimakon a kwantar da kowane yaro a gadon asibiti, sai a ba uwa ƙunshin abincin gyaɗa da madara mai suna Plumpy'nut ta tafi gida, ta riƙa dawowa awo kowane mako. Abin da aka gani a nan yana cikin hujjojin da suka sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tare da UNICEF da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da jinyar tamowa a gida. Daga baya Epicentre, reshen bincike na MSF, ta buɗe cibiya ta dindindin a Maraɗi.

Tsakanin 2012 da 2013, a asibitocin karkara na gundumar Madarunfa, an yi gwaji a kan yara kimanin 2,400 masu tamowa wadda ba ta haɗu da wani ciwo ba. Tambayar ita ce: shin wajibi ne a ba kowane ɗayansu maganin amoksisilin? An raba yaran kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka sha maganin, rabi suka sha abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, kuma uwa da ma'aikaci duk ba wanda ya san wane ne ya sha wane. Sakamakon ya fito a 2016 cikin mujallar New England Journal of Medicine, ɗaya daga cikin mafi daraja a duniya: kusan kashi 66 cikin 100 na masu shan magani sun warke, kusan kashi 63 na ɗaya ɓangaren su ma sun warke, bambancin da bai taka kara ya karya ba, ko da yake maganin ya rage yawan waɗanda aka tura babban asibiti. Alhali kuwa wani gwaji irinsa da aka buga a 2013 daga ƙasar Malawi ya nuna maganin yana ceton rai. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga Agustan 2014, a wannan gunduma dai, aka gwada wani sabon rigakafin zawo mai kashe jarirai, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa don ya jure zafi, ya yi watanni ba tare da firji ba. Jarirai 3,508 aka ƙidaya a sakamakon da aka buga a Maris 2017: zawo mai tsanani ya kama 31 cikin waɗanda suka sha rigakafin, ya kama 87 cikin waɗanda ba su sha ba, wato kariya ta kusan kashi 67 cikin 100. A 2018 OMS ta amince da rigakafin, mai suna Rotasiil, har hukumomin duniya suka samu damar sayensa don ƙasashe matalauta. Haka kuma a bazarar 2017, da sanƙarau ya ɓarke, an yi gwaji a ƙauyuka 49 na Madarunfa, aka gano cewa in aka ba duk mutanen gari ƙwaya ɗaya ta siprofuloksasin da zarar ciwon ya bayyana, yawan masu kamuwa yana raguwa da kusan kashi 60 cikin 100, alhali ba ƴan gidan majinyaci kaɗai bai yi wani tasiri ba.

Gwaje-gwaje ne da aka yi bisa ƙa'ida, da izinin hukumomin ƙasa, kuma sun amfani yaranmu da na wasu. Ƴan Nijar da dama sun yi aiki a ciki, sun koyi abubuwa, sun ci abinci. A takardar rigakafin zawo akwai sunayen shaihunan malamai na Yamai, Eric Adehossi da Ali Djibo. Amma sunan farko da na ƙarshe, waɗanda a al'adar masana su ne na wanda ya ja aikin da wanda ya shugabance shi, na masu bincike ne daga waje, Sheila Isanaka da Rebecca Grais. Ba laifinsu ba ne. Aikinsu suka yi, kuma sun yi shi da kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In akwai laifi, yana wuyan ƙasar da ta yi shekara sama da 60 da samun mulkin kai, ba ta koya wa ma'aikatan lafiyarta na karkara yadda ake juya rajista ta zama ilimi ba.

Gyaɗa da mai

Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Kakanninsa sun ga zamanin da ake loda gyaɗa a buhu a tura ta Kano, ta sauka teku, a matse ta a Turai, kana a dawo mana da mai cikin kwalba a kan farashin da ba mu muka yanka ba. Manomi ya sha rana, mai injin matsa ya kwashi riba. To, lissafin da majo ke rubutawa, da jinin da ake ɗiba, da awon da ungozoma ke yi, su ne gyaɗar. Takardar da aka buga a mujalla, wadda ake kafa doka da ita, ake samun muƙami da kuɗin bincike na gaba da ita, ita ce man. Mun yi ta kuka a kan uraniyom da ake fitarwa ɗanye daga Arlit. Ba mu cika tunawa ba cewa ilimi ma ana fitar da shi ɗanye, kuma ba ya bin ta kwastan.

Wani zai ce, ina ruwan talaka da sunan wanda ke kan takarda, muddin yaro ya warke? Ruwansa yana da yawa, kuma ga dalilai uku.

Na farko, mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Ƙungiyar da ta zo daga waje tana binciken abin da ya dace da aikinta da kuma abin da masu ba ta kuɗi suke so, kuma hakkinta ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majon Gabi yana da tambayoyin da ba wanda zai taso daga Faransa ya amsa masa. Me ya sa uwa ke daina kawo yaro awo da zarar shuka ta kama? Yara nawa ne suka sha ƙwayoyin masu tallar magani a tire kafin a kawo su, kuma me hakan ke yi wa ƙarfin maganin asibiti? Mata nawa ke haihuwa a gida saboda tsoron bin hanyar dajin Baban Rafi da dare, tun da ɓarayin daji suka addabi bakin iyaka? Kwalarar 2018, wadda ta fi tsanani a gundumar Madarunfa, ta waɗanne rijiyoyi da kasuwanni ta bi? Yaya za a bi sawun rigakafin yaron da rabin shekara yana Gabi, rabi yana wajen Jibiya? Waɗannan tambayoyi ba su bukatar injin miliyoyi. Suna bukatar mutumin da aka koya wa yadda ake tsara tambaya, a tattara lissafi mai tsabta, a auna shi ba tare da son rai ba.

Na biyu, mu koma kan amoksisilin. Magani ɗaya, ciwo ɗaya, amma Malawi ta ba da amsa, Madarunfa ta ba da wata. Yara ba ɗaya ba ne, cututtukan da ke tare da su ba ɗaya ba ne, yadda ake kula da su ba ɗaya ba ne. Ƙasar da ba ta da masu bincike nata sai dai ta ɗauki ƙa'idar da aka rubuta don wasu, ta kashe kuɗin talakawa a kanta, ba ta san ko ta dace ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Na uku shi ne tsaro. Maƙwabtanmu na Kano ba za su manta da 1996 ba, shekarar da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau. Cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu. Kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya bari a zukata yana cikin abubuwan da suka hura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003, cutar kuma ta tsallako iyaka ba ta nemi biza ba. Wa ke iya karanta takardar tsarin gwaji ya ce wannan sashe bai dace ba? Wa ke iya tabbatar wa maigari cewa yardar da aka nema ta gaskiya ce? Sai wanda ya san aikin bincike daga ciki. Likitan da bai iya bincike ba ba zai iya tsare mutanensa daga mugun bincike ba, ba kuma zai iya kare kyakkyawan bincike daga jita-jita ba.

Inda gizo ke saƙa

Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Ƙasar da ta haifi Abdu Mumuni Dioffo, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, da Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da nasa, ba za a ce ba ta san darajar kimiyya ba. A Yamai aka kafa CAMES a 1968, hukumar da har yau ke auna malaman jami'o'in ƙasashe da dama na Afirka bisa ga abin da suka buga. Cibiyar CERMES ta Yamai ta yi suna a binciken sanƙarau da tsargiya. Jami'ar Maraɗi tana da sashen koyon likitanci, garin yana da babban asibitin da ake turo majinyata daga ko'ina. Kayan miya duk suna nan. Ba a dai haɗa tukunyar ba.

Mun kuma ga abin da rajista mai tsabta ke iya yi. Daga 2008, shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka tare da gidauniyar Damien suka fara jinyar tarin da ya gagari magani cikin wata 12, maimakon kusan shekara biyu da aka saba. Sun bi majinyata 65 ɗaya bayan ɗaya, 58 suka warke, aka buga sakamakon a 2014. Wannan ƙaramin lissafi ya shiga cikin hujjojin da OMS ta duba kafin ta amince da gajeren magani a 2016. Mutum 65 kacal, amma an rubuta su da gaskiya, an kuma kai rubutun inda za a karanta.

To, me ke hana irin wannan yawaita? Kowane ɗalibin likitanci sai ya rubuta kundin bincike kafin a kira shi dokta. Ana yin biki, a ɗauki hoto, a ci kaji, kundin ya hau kanta, mafi yawansu ba sa sake ganin hasken rana, domin ba a koya wa mai shi yadda ake matse shafi ɗari ya koma shafi shida da mujalla za ta karɓa ba. Da ya fita aiki kuwa, layin majinyata ya haɗiye shi. Ma'aikacin jinya da ungozoma, waɗanda su ne ke riƙe da asibitocin karkara, su ba a ma lissafa su cikin masu iya bincike. An maishe su masu cike takarda. Ƙari a kan haka, manyan mujallu da Ingilishi suke fita, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu, da Hausa muke jinya. Wasunsu suna neman dala dubu biyu ko uku kafin su buga takarda ɗaya, kuɗin da ya fi albashin watanni na likita. Ga kuma mujallun bogi da suka cika intanet, masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne ba tare da wani masani ya duba ba. Wanda ya faɗa hannunsu ya yi asarar kuɗi da mutunci.

Akwai kuma cututtukanmu na gida, waɗanda ma'aikatan gwamnati masu karanta mu suka fi mu sani. Ɗaya ita ce cutar taron ƙara wa juna sani: kwana uku a otel, jaka da biro, shayi da nama, kuɗin zama a ambulan, takardar shaida, kowa ya kama gabansa. A aiko wanda ya fi kusa da shugaba, ba wanda zai yi aikin ba. Ta biyu ita ce ɗora sunan maigida a kan takardar da bai karanta ba, a bar yaron da ya sha wahalar tattara lissafi cikin godiyar ƙarshen shafi, in ma an tuna da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya a fili take: marubuci shi ne wanda ya sa hannu a tsara aikin, ko tattara lissafinsa, ko auna shi, ya kuma sa hannu a rubutun, ya yarda da shi, ya ɗauki alhakinsa. Muƙami ba ya cikin sharuɗɗan.

Masu cewa kuɗin ya fi kyau a sayi magani da shi, muna jin su, amma ɗan kasuwar da ya ƙi sayen littafin lissafi don ya ƙara buhu ɗaya a shago, ƙarshensa sananne ne. Masu cewa in an koyar da su za su gudu waje, muna tambayarsu: waɗanda suke tafiya yanzu fa, me ya kore su? Likita ba albashi kaɗai ke riƙe shi ba. Yana so ya ga iliminsa na ƙaruwa, sunansa na tafiya. Wanda ya san zai iya zama a Madarunfa ya rubuta abin da za a karanta a Dakar da Janeba ya fi saurin haƙuri da ƙauye.

Abin da muke kira a yi

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun 2009 Ƙungiyar Yaƙi da Tarin Fuka ta Duniya tare da MSF suka ɓullo da wani tsarin horo wanda daga baya OMS ta rungume shi da sunan SORT IT. Ma'aikaci yana zuwa da tambaya daga wurin aikinsa. Zama na farko ya rubuta tsarin binciken, ya koma ya nemi izinin kwamitin ƙa'ida. Zama na biyu ya koyi shigar da lissafi a kwamfuta da auna shi. Zama na uku ya rubuta takardar tare da malamin da ke zaune kusa da shi, layi bayan layi. Wanda bai cika aikin zangon baya ba, ba ya zuwa na gaba, kuma ba a cewa ya gama sai ya miƙa takardarsa ga mujalla. Duka cikin kimanin shekara guda, ba tare da ya bar asibitinsa ba. Bisa ga haka muke kira kamar haka.

Ga gwamnati: tun 1990 wani kwamitin masana na duniya ya ba da shawarar kowace ƙasa ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiyarta don bincike, masu ba da agaji kuma kashi 5 na abin da suke bayarwa. Taron ministoci na Bamako ya sake jaddada wannan a Nuwamban 2008. Muna so a nuna wa ƴan ƙasa layin bincike cikin kasafin kuɗi, a faɗi nawa aka sa, nawa aka fitar, wa ya karɓa. Muna so takardar da aka buga a mujalla ta gaskiya ta shiga cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma ga likita, da majo, da ungozoma, kuma a ba wanda ke da bincike da aka amince da shi yini guda a mako. Yau kowa yana maganar ƴancin kai da dogaro da kai. Mun ga yadda a 2025 Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID, shirye-shiryen lafiya da dama a Afirka suka tsaya cak. Mun ga ƙungiyoyin da hukumomin Nijar da kansu suka sallama. Ko baƙo ya tafi da kansa, ko an sallame shi, gurbin ɗaya ne. Sallamar baƙo ba ta da wuya. Samun ɗan gida da zai zauna kujerarsa shi ne aiki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da hukumar lafiya ta jihar Maraɗi: a buɗe irin wannan horo a Maraɗi, kowace shekara mutum 10 ko 12, a keɓe kujeru ga ma'aikatan karkara, ba na birni kaɗai ba. Kada ɗalibi ya karɓi shaidar dokta sai ya fitar da gajeriyar takarda daga kundinsa. A koya musu Ingilishin karatu da rubutu, domin ƙin sa ba ya rage masa ƙarfi. A nuna musu cewa tun 2002 shirin Hinari na OMS yana ba cibiyoyin ƙasashe matalauta damar karanta dubban mujallu kyauta, cewa mujallu da yawa suna yafe kuɗin bugu ga marubutan irin ƙasashenmu in an nema, kuma mujalla kamar Pan African Medical Journal tana karɓar rubutu da Faransanci.

Ga ƙungiyoyin da ke bincike a ƙasarmu: mun gode, kuma ƙofa a buɗe take ga mai zuwa da gaskiya. Amma a rubuta cikin kowace yarjejeniya ƴan ƙasa nawa za a horar har su ja nasu aikin, a bar kwafin lissafin a hannun hukumar lafiya, a kuma komo ƙauyen da aka yi aikin a faɗa wa mutane abin da aka gano. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. To, a fara da wannan: kowane bincike da aka yi a kan ƴaƴan Gabi a taƙaita shi cikin shafi ɗaya na Hausa, a karanta a gidan rediyo da ƙofar maigari. Matar da ta miƙa hannun jaririnta aka ɗebi jini ta fi kowane farfesa hakkin jin sakamako.

Ga alhazan Maraɗi da sauran ƴan kasuwa: an san ku da gina masallatai, da haƙa rijiyoyi, da ciyarwa cikin azumi, Allah ya saka. Ilimi mai amfani ma sadaka ce mai gudana. Abin da ƙaramin bincike na asibitin karkara yake ci, wato kwamfuta ɗaya, da man babur, da kuɗin intanet, da ladan mai shigar da lissafi, bai kai ribar tirela ɗaya ba. Ku haɗa asusu a ƙarƙashin ƙungiyarku, ku sa malaman jami'a su zaɓi waɗanda suka cancanta, ku kuma nemi a kawo muku takardar da aka buga kamar yadda kuke neman rasit. Ku kuka fi kowa sanin cewa annoba in ta shigo, kasuwa ce ke fara mutuwa.

Ga ma'aikatan lafiya kansu: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bincike yana farawa daga rajistar da aka cike da gaskiya. Wanda ya zauna ƙarshen wata ya ƙirƙiro lambobi don rahoto ya yi kyau, ya zuba tsakuwa cikin hatsin da ƙasa duka za ta ci. Ku rubuta abin da kuka gani, ko da bai yi daɗi ba. Gwajin amoksisilin ya yi daraja ne don ya faɗi abin da ba a zata ba. Ku riƙe amanar majinyaci, kada sunansa ya fita. Ku nemi yardarsa da harshen da yake ji.

Ba muna mafarkin gobe Gabi ta ƙera rigakafi ba. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka kusa: nan da ƴan shekaru a buɗe mujalla a ga takarda a kan haihuwa ko tamowa ko masassara a kudancin Maraɗi, sunan farko na wata ungozoma ne ko wani majo da ke kwana a bayan asibitin, kuma hukumar gunduma ta sauya yadda take aiki saboda abin da takardar ta nuna. Iyayen Madarunfa sun riga sun ba da nasu kason: sun kawo ƴaƴansu, sun jure allura da awo da tambayoyi, duniya ta amfana. Saura magabata, da malamai, da masu hannu da shuni su ba da nasu. Manomin da ya yi noma ya cancanci ya riƙe mabuɗin rumbu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.